Daga Katsina zuwa Legas a farkon damina, da daren da hadari ya juya mu Abuja

Ɗaurin auren 'yar yayana ne ya kai ni Legas a ƙarshen watan Mayu. Yaya ya daɗe a Agege yana harkar hatsi da goro, can aka haifi 'ya'yansa duka, kuma tun da aka sa rana ya kira ni ya ce ni zan ba da aure, don haka babu zancen aike ko uzuri. Asabar da hantsi aka sa. Tafiyar mota daga Katsina ta haura kilomita 1,000, ga halin hanyoyinmu kowa ya sani, sai na sayi tikitin jirgin da zai tashi daga Kano ranar Juma'a da ƙarfe huɗu na yamma, naira 135,000 zuwa kawai. Lissafina shi ne in yi sallar magariba a Agege.

Bayan asuba na nufi tasha, na biya naira 6,000 na kujerar gaba. Muka bi ta Charanchi, Kankiya, Gidan Mutum Ɗaya, Tsanyawa da Bichi. Shingayen hanya suna nan yadda aka saba. 'Yan sanda su leƙo su ce a wuce, 'yan kwastam kuma su sa direba ya buɗe but su duba ko akwai shinkafar waje. Babu inda aka ɓata mana lokaci. Abin da ya ɗauki hankalin mutanen motar shi ne gonaki. Ruwa bai zauna ba tukuna, wasu sun yi binne suna jira, ƙasa ta yi fari fat, kowa idonsa na sama. Wani dattijo a kujerar baya ya ce zafin da aka kwana da shi ba na banza ba ne, yau sai an yi ruwa. Duk muka amsa da Allah Ya sa, har da ni.

A Ƙofar Ruwa na sauka, na hau adaidaita sahu zuwa Fagge, na yi sallar Juma'a, na ci gurasa da tsire, na wuce filin jirgi.

Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan, domin tun 1925 jirgi ya fara sauka a Kano. Aka duba tikiti da katin shaida, aka auna jaka, aka sa na cire agogo da bel na wuce ta na'ura. Muna zaune a ɗakin jira, jirginmu yana waje muna hangensa ta gilashi, sai gabas ta fara haɗa hadari. Duk wanda ya tashi a arewa ya san hadarin farkon damina. Ya taso baƙi ƙirin, iska ta ɗauke cak, sannan jar ƙura ta biyo gaba ta rufe gari kafin ɗigo ɗaya ya sauka. Cikin 'yan mintoci muka daina ganin jirgin da ke gabanmu. Aka yi sanarwa cewa an ɗage tashi saboda yanayi.

Da ƙurar ta lafa ruwa ya fara sauka, sai haƙurin wasu ya ƙare. Wani mai babbar riga ya tsaya kan yarinyar da ke kanta yana ɗaga murya, wai yana da taro a Legas, ga jirgi a tsaye, ɗan wannan yayyafin ne zai hana tashi? Mutane suka fara taruwa suna mara masa baya. Sai wani dattijo siriri mai farin gemu da ke kusa da ni ya miƙe, ya je ya dafa shi ya ce, "Alhaji, don Allah ka rabu da yarinyar nan, ba ita ta riƙe jirgin ba. Ruwan da kake gani ba shi ne abin tsoro ba. Iskar da ke ƙarƙashinsa ce." Ya faɗa a natse, ya dawo ya zauna.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, da alama ka san harkar nan." Ya ce ya yi shekaru fiye da talatin yana aikin kula da zirga-zirgar jiragen sama kafin ya yi ritaya. A kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ya yi horo, kuma a hasumiyar wannan filin ma ya yi aiki. Legas za shi ganin likitan ido.

Ya nuna mini ƙarshen titin jirgi ta gilashi, ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk da kusancinmu da Kano. Ranar 24 ga Yuni 1956, jirgin kamfanin BOAC na Ingila ya tashi daga nan zai nufi Turabulus kan hanyarsa ta Landan, hadari yana gabansa. Bai yi nisa ba ya soma yin ƙasa, ya doki bishiya, ya kama da wuta. Mutum 32 cikin 45 suka rasu. Abin da ya kayar da shi wata iska ce da ke zubowa daga gindin girgije kai tsaye, ta doki ƙasa ta watsu ko'ina. Jirgin da ya shige ta, da farko iskar tana bugunsa ta gaba ya ji ya ƙara ƙarfi, nan take ta danno shi daga sama, sannan ta koma bayansa ta ƙwace masa gudun da yake riƙe shi a sama. Duk wannan cikin daƙiƙu kaɗan, kuma a daidai lokacin da jirgi yake kusa da ƙasa, ba shi da sararin gyarawa. Ya ce a makaranta da wannan hatsarin na Kano ake buga musu misali.

Sai bayan magariba aka kira mu. Kujerunmu suna layi ɗaya, na roƙi wani saurayi muka yi musaya na zauna kusa da Baba. Tun jirgi bai motsa ba ya fara lissafa mini hannayen da za mu bi. Akwai wanda zai ba matuƙi izinin tayar da inji da bin hanya zuwa bakin titi. Akwai na hasumiya mai ba da izinin tashi. Da mun ɗaga, sai ya miƙa mu ga wanda ke zaune gaban allon rada, wato na'urar da ke nuna inda kowane jirgi yake a sama, yana kula da jiragen da ke kewayen fili, shi kuma ya miƙa mu ga cibiyar da ke kula da manyan hanyoyin sama. Cibiyar Kano ce ke riƙe da arewa, ta Legas ke riƙe da kudu, kuma a taswirar masu jirage ta duniya sararin samaniyar Najeriya baki ɗaya sunan Kano yake amsawa. Dukkansu ma'aikatan hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya ne, wato NAMA, wadda aka kafa da dokar 1999, rahoton yanayi kuma hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ke kawo musu a kai a kai. Fasinja yana ganin matuƙi da masu raba lemo, amma waɗannan ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu.

Farkon tafiyar lafiya ƙalau. Da muka yi kamar rabin hanya sai walƙiya ta bayyana ta tagar hagu, ba a ƙasa ba, a gefenmu da samanmu. Ban taɓa ganin hadari daga wannan ɓangaren ba. Girgije ne tsaye, duk sa'ad da ya haska sai ka ga tsawonsa ya wuce inda muke nesa ba kusa ba. Aka kunna fitilar ɗaura bel, masu raba abinci suka mayar da kekensu suka zauna. Jirgi ya karkata dama, ya miƙe, ya sake karkata hagu, yana girgiza.

Baba ya matso ya ce, "Ɗana, duk karkatar nan da kake ji, sai da aka roƙa aka bayar." Ya ce girgijen hadari a ƙasashenmu yakan kai ƙafa 50,000, jirgin fasinja ba ya iya haye shi, sai dai ya kauce. A hancin jirgi akwai rada da ke nuna wa matuƙi inda ruwa ya fi nauyi, kuma ana koya masa ya ba irin wannan girgije tazara mai yawa, kamar mil 20. To amma ba shi da ikon barin hanyarsa sai ya nemi izini daga ƙasa, domin bai san wa ke gefensa ba.

Nan ya warware mini yadda aikin yake. A ranar da gari ya yi garau, hanyoyin sama a shate suke. Masu nufar gabas suna da nasu hawa, masu nufar yamma suna da nasu, tsakanin jirgi da jirgi ƙafa 1,000 ta sama da ƙasa, ko kuwa aƙalla mil 5 na teku ta gefe, wato kimanin kilomita 9, idan rada tana ganinsu. Ma'aikaci ya san inda hanyoyi suke haɗuwa, can yake sa ido. Da hadari ya tare hanya, wannan tsari ya rushe. Kowane matuƙi yana neman kaucewa, kuma duk ƙofa ɗaya suke hange, wato ratar da ke tsakanin girgije biyu. Mai zuwa Legas da mai fitowa daga Legas sai su nufi wuri guda. Jiragen da ke fuskantar juna, kowanne yana gudun kilomita 800 a awa, suna cinye kilomita 9 cikin daƙiƙa 20. Ratar ma ba ta zama wuri ɗaya, hadarin yana tafiya yamma, inda jirgin farko ya bi ya wuce lafiya yana iya rufewa kafin na uku ya iso.

"Ɗan sandan da ke ba da hannu a mahaɗa," in ji shi, "idan abu ya cakuɗe masa, ɗaga hannu yake yi kowa ya taka birki, ya numfasa ya sake shiri. Mu ba mu da wannan hannun. Wanda ke sama ba ya tsayawa, kuma man da ke cikinsa raguwa yake yi. Wanda kawai muke iya tsayarwa shi ne wanda bai tashi ba tukuna." Ya ce shi ya sa wani lokaci za ka ga rana tana haske a Kano amma an hana jirgin Legas tashi. Can ne sama ta cika, kuma gara ya jira a ƙasa da injinsa a kashe.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganar rediyo. Duk jiragen da ke hannun ma'aikaci ɗaya layi guda suke amfani da shi, kuma mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda. In biyu suka danna tare, ƙara kawai ake ji, maganar kowa ta ɓace, sai an sake. Kowane umarni kuma dole matuƙi ya maimaita shi, ma'aikaci ya saurara ya tabbatar lambar da ya faɗa ita aka ji, kuma jirgin da ya kira shi ne ya amsa, don akan samu jirage biyu na kamfani ɗaya masu lamba kusan iri ɗaya. A daren hadari maganganun suna ninkuwa. Wannan yana neman dama, wancan yana neman ƙarin hawa, wani yana tambayar me jirgin da ya gabace shi ya tarar. Yana cikin amsa su kuma dole ya ɗauki waya ya sanar da abokin aikinsa na gaba cewa jirgin da yake jira ba ta inda aka saba zai shigo masa ba. In ta kan iyaka ne, da Yamai ko Injamena ko Akkara zai yi wannan magana.

Da muka kusa Legas sai matuƙi ya yi sanarwa cewa ana ruwa mai ƙarfi da iska a kan filin, za mu ɗan jira. Muka shiga kewaye. Baba ya ce ba mu kaɗai ba ne, akwai wasu a samanmu da ƙasanmu, an jera mu hawa-hawa, ƙafa 1,000 tsakani, kowa yana zagaye wuri ɗaya. Na ƙasa shi ake fara sakin wa hanya, sauran a sauko da su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a cewa na sama ya sauko sai an tabbatar na ƙasa ya bar gurbin. Ma'aikacin yana riƙe da jerin a kansa, yana kuma tambayar kowa tsawon lokacin da zai iya jira.

Girgizar da muka sha a wannan kewayen ba zan manta da ita ba. Akwai lokacin da jirgi ya yi ƙasa farat ɗaya, har na ji na rabu da kujera bel ne ya riƙe ni. Jirgi ya kaure da salati da kiran Yesu. Wata mata a gabanmu ta ƙanƙame jaririnta tana maimaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Mai babbar rigar nan yana can gaba, ban ƙara jin muryarsa ba. Ni ma bakina bai huta ba. Baba ya riƙe hannun kujera, carbinsa yana ɗaya hannun, ya ce da ni fukafukan jirgi an yi su don su jure fiye da haka, abin da ake gudu shi ne irin wannan ta same mu daf da ƙasa.

Bayan kamar rabin awa matuƙi ya sake magana, ya ce yanayin bai gyaru ba, za mu juya Abuja. Wasu suka yi tsaki. Baba kuwa cewa ya yi, "Madalla da shi." Ya ce doka ta sa jirgi ya ɗauki man da zai kai shi inda ya nufa, da wanda zai kai shi wani filin in an kasa sauka, da kuma na ajiya na kamar minti 30 da ba a so a taɓa. Matuƙin kirki yana juyawa tun lissafin bai matse shi ba. Amma juyawar ma wani sabon nauyi ne a kan na ƙasa, don sai an zaro jirgin daga tsakiyar jerin, an ratsa da shi ta cikin masu shigowa, an kuma tambayi Abuja ko tana da wurin karɓarsa. Ya tuna mini da jirgin alhazai na 22 ga Janairu 1973, Boeing 707 da ya taso daga Jidda zai sauka Legas, rashin kyawun yanayi ya sa aka juya shi Kano, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Wannan kam na sha jin labarinsa a bakin manya, don shekara da shekaru ana ambatonsa duk lokacin jigilar alhazai.

Wajen ƙarfe goma na dare muka sauka filin Nnamdi Azikiwe. Da tayoyi suka taɓa ƙasa mutane suka yi ta tafi da hamdala. Mun tarar da wasu jiragen da aka juyo kafin mu. Abuja titi ɗaya ake sauka da tashi a kai, shi ya sa ma da aka rufe shi don gyara na mako shida a 2017 sai da aka mayar da jirage Kaduna. Ma'aikatan da ke kan aiki a daren sun karɓi nasu jiragen da suka saba, ga kuma baƙin da Legas ta turo musu ba shiri.

Kamfanin jirgin ya ce mu dawo ƙarfe shida na safe. Zancen masauki da abinci kuwa kowa tasa ta fisshe shi, kuma wannan bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, musamman ganin mata masu goyo da tsofaffi suna shimfiɗa zane a kan tayil. Hadari ba laifin kowa ba ne, amma ko ruwan sha da magana mai daɗi ai ba su gagara ba. Na kira Yaya na gaya masa halin da ake ciki. Ya yi shiru, sannan ya ce a Agege ma ruwa ya shiga gidaje, in kwanta, wani jinkirin alheri ne.

Ni da Baba muka haɗa kuɗin tasi, naira 10,000, zuwa Lugbe. Muka samu wani ƙaramin otal, ɗaki naira 22,000, ga janareto yana ruri a bayan taga ga sauro. Kicin ɗinsu ya rufe, sai muka fita bakin titi wajen mai shayi, wani Bazamfare mai fara'a, ya soya mana indomi da ƙwai ya haɗa shayi mai kauri. A kan bencinsa muka yi hirar da ta fi tsaya mini a rai.

Ni na tayar da maganar Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, don ba nisa da inda muke zaune abin ya faru. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin kamfanin ADC ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ana haɗa hadari, ya faɗi a Tungar Madaki jim kaɗan bayan ya ɗaga. Mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi da ɗansa Sanata Badamasi. Na tuna ranar, Katsina ta yi tsit, kowa yana manne da rediyo. Na tambaye shi, ashe hasumiya ba ta iya hana jirgi tashi? Ya ce aikinta shi ne ta gaya wa matuƙi ƙarfin iska da inda take bugowa da duk abin da ta gani, amma hukuncin tashi ko jira saboda yanayi yana hannun matuƙi. A ranar an faɗi yanayin iskar, wani jirgin ya zaɓi ya dakata, wannan ya tashi ya gamu da irin iskar da ta kayar da na 1956. Kusan shekara guda kafin nan, 10 ga Disamba 2005, jirgin kamfanin Sosoliso ya faɗi wajen sauka a Fatakwal cikin ruwa da iska, mutum 108 suka rasu, da yawansu ɗaliban wata sakandare ta Abuja masu komawa gida hutu. Bayan waɗannan ne aka girka na'urorin gano juyin iska a manyan filaye, aka kuma ƙaddamar da aikin shimfiɗa rada a faɗin ƙasa a 2010. Kafin nan, in ji shi, a wurare da yawa da baki da agogo da 'yan takardu ake raba jirage. Matuƙi ya faɗi inda yake, kai kuma ka zana hoton a kanka.

Bai wanke abokan aikinsa tas ba. Ya kawo hatsarin 7 ga Nuwamba 1996, lokacin da jirgin da ya taso daga Fatakwal ya faɗa ruwa a Ejirin kusa da Legas yana ƙoƙarin kauce wa wani jirgin, mutum fiye da 140 suka rasu, kuma bincike ya ɗora wani kaso na laifin a kan yadda aka raba jiragen daga ƙasa. "Mutane ne mu," ya ce. "Shi ya sa a ƙasashe da yawa ba a barin mutum ya wuce awa biyu a gaban allo ba tare da ya tashi ya huta ba. Ƙwaƙwalwa tana gajiya ba ta sanar da kai. Za ka ji matuƙi ya maimaita lamba ba daidai ba, kunnenka ya ji abin da kake so ka ji." A daren hadari kuwa, ya ce, abin da ya kamata shi ne a raba yankin gida biyu, a ƙara mutum, a sa wani a bayanka yana sauraro. Wannan sai in akwai mutanen. In babu, wanda ke kujera shi zai ci gaba da zama, ko ruwa ba zai kurɓa ba, kuma in an tashi sai ya je gida ya kasa barci yana sake jera jiragen a kansa. Sabon ma'aikaci kuma ba a samar da shi a wata shida. Sai ya gama Zariya, ya zauna ƙarƙashin wani na tsawon lokaci, ya ci jarrabawar wurin da zai yi aiki, likita kuma ya riƙa duba shi. Ƙungiyarsu ta daɗe tana kukan ƙarancin ma'aikata. A watan Nuwamba 2021 wani daga cikinsu ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki a nan Abuja, ya rasu, har abokan aikinsa suka rage yawan jiragen da suke karɓa na wani ɗan lokaci don a saurare su.

Ni dai ra'ayina, bayan abin da na gani da wanda na ji, shi ne muna yawan duba gini da na'ura mu manta da mai zama a gabansu. Sabon ɗakin jira da sabuwar hasumiya ana yanka musu ƙyalle a nuna a talabijin. Ɗaukar isassun ma'aikata da ba su hutu babu bikin da ake yi masa, alhali a daren da muka yi ta kewaye a saman Legas rayukan ɗaruruwan mutane suna hannun 'yan tsirarun da ba mu san ko sun ci abincin dare ba. Mu fasinjoji kuma hayaniyar da muke yi a kanta ba a kan yarinyar take tsayawa ba. Tana hawa zuwa manaja, daga manaja zuwa matuƙi, matuƙi kuma ya matsa wa hasumiya. Duk mai faɗa a ji da ke buga waya don a saki jirginsa ana tsakiyar hadari, ga wannan sarƙar yake ƙara nauyi.

Da asuba muka koma fili. Gari ya waye fes, muka tashi wajen bakwai da rabi, tafiyar awa ɗaya babu ko girgiza. Daga sama na ga unguwannin Legas ruwa ya kwanta a tsakanin gidaje. A bakin ƙofar fita muka yi sallama da Baba, na yi masa addu'ar samun lafiyar ido, ya sa mini albarka ya ce in gaida amarya.

Daga Ikeja zuwa Agege ba nisa, amma ragowar ruwan jiya da cunkoso suka sa muka yi fiye da awa, mai tasi ya karɓi naira 8,000. Na isa ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci. Ko wanka ban samu yi ba, na sauya riga a shagon Yaya, na zauna na ba da aure.

Agege ta ba ni sha'awa. Tun zamanin da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano fataken goro suka kafa zango a wurin, har yau suna da sarkinsu. 'Ya'yan Yaya suna magana da ni da Hausa, su juya su yi da maƙwabta da Yarbanci ba gargada. An ci waina da miyar taushe da shinkafa dafa-duka, maƙwabta suka kawo amala, da safe kuma ga burodin Agege mai laushi da shayi. Abin da ya bambanta mu shi ne ruwa. A can ana ganin hadari sai a fara kwashe kaya ana ɗora su kan tebur, fuska a murtuke. A gida kuwa, da na kira iyali, murna suke yi, ruwan da ya tsare mu a Kano ya sauka har Katsina, an fita shuka.

Da zan dawo na bi shawarar Baba na sayi jirgin safe, don ya ce a damina hadari ya fi haɗuwa daga la'asar zuwa dare. Mun tashi kan lokaci, kafin azahar ina Ƙofar Ruwa. Da na haɗa lissafi, kwanan Abuja ya ƙara mini wajen naira 40,000 a kan abin da na tanada.

Akwai ɗan ƙanwata da ya gama digiri a fannin lissafi yana zaune ba aiki, yaro mai natsuwa da ba ya ruɗewa. Da ya zo yi mini sannu da zuwa na zaunar da shi na kwashe labarin nan duka na gaya masa, har da wahalar aikin da kwanan zaune, ban rage komai ba. Ya yi ta tambaya a kan jerin jiragen da ke kewaye da yadda ake zaro ɗaya daga tsakiya. Yanzu haka yana bibiyar sanarwar ɗaukar ma'aikata, kuma mun yi da shi zan raka shi Zariya ya ga kwalejin da idonsa.